Sati Shida Kawai Likita Ya Ce

Yaya ta fizge filon da ke ƙarƙashin ƙafar Auta ta wurga shi kan kujera, wai ɗaki ya koma kamar asibiti, baƙo in ya shigo sai ya ɗauka mutuwa ake jira. Ƙafar ta faɗa kan katifa, zafin ya harba har tsakiyar kan Auta. Yayar mijinta ce fa, ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, a gidan nan maganarta ba ta faɗuwa ƙasa.

Kwana goma sha ɗaya ke nan da yi wa Auta aiki. Kun san ƙashin nan na gindin babban yatsan ƙafa da ke turowa waje kamar ƙwallo, yatsan ya karkace ya danne na kusa da shi? To shi ne. Shekara huɗu tana fama, takalmi ba ya shiga, ga ta tela, kekenta kuma na ƙafa ne, wuni take tana taka feda. Ƙarshe dai likita ya yanka ƙashin, ya miƙar da shi, ya kafe da ƙananan ƙusoshi biyu, ya ce sati shida kada gaban ƙafar nan ya ɗauki nauyi. In za ta banɗaki ta sa baƙin takalmin asibiti ta taka da dunduniya. Keke kuwa ko kallonsa kada ta yi. A gaban mijinta, Direba, likitan ya faɗa, shi kuwa har da gyaɗa kai.

Kuma Direba yana sonta, wannan ba na musu. Kullum da safe kafin ya fita da bas sai ya naɗe ƙanƙara a tawul ya ɗora mata, yana tsokanarta da "gurguwata", tana kai masa duka da filo. Shi ya roƙi Yaya ta zo ta zauna da ita. Matsalarsa ɗaya ce tak: Yaya na buɗe baki nasa sai ya mutu.

Ita kuwa Yaya ba hannu rabbana ta zo ba. Da leda cike da yadi ta zo. 'Yarta za ta gama sakandare, akwai liyafa a makaranta, riguna huɗu take so, tata da na 'yan matanta uku, tunda ai Amarya tana zaune ba abin yi. Shekara uku da aure, har yau Amarya take ce mata, da wata irin murya. Auta ta tuna mata abin da likita ya ce, cikin ladabi, kanta a ƙasa.

— Yatsa fa, Amarya. Yatsa. To da ciki aka farka miki sai mu aika a fara haƙa rami ke nan? Haihuwa bakwai na yi, ban taɓa kwana uku a kwance ba.

Washegari Auta ta tare mijin yana ɗaura agogo, ta ce don Allah ya yi wa Yaya magana, a kai wa wata telar. Ya sosa ƙeya, ya leƙa ƙofa, ya ce ta dai lallaɓa, ko da ƙafar hagu ce. Ta gwada kuwa. Shekara goma ƙafar dama, wadda aka yi wa aikin, ce ke jan keken nan, hagu ta taka sai ya juya da baya, zare ya tsinke, allura ta karye har biyu. Ta haƙura ta koma gado.

Da yamma yana cin abinci a falo Yaya ta zauna kusa da shi, ta ɗaga murya daidai yadda za ta isa ɗaki. Ta ce macen da ba za ta iya yi wa dangin miji riga huɗu ba, ranar da ya kwanta ciwo ko ruwa ba za ta miƙa masa ba, ya duba lamarinsa tun da wuri. Auta ta kasa kunne tana jiran amsarsa. Ƙarar cokali kawai ta ji a kan faranti.

Wallahi ba maganar Yaya ce ta tashe ta ba, wannan shirun ne. Da safe ta cire takalmin asibiti, ta zauna gaban keke, ta ɗora ƙafa da bandeji da komai. Kwana uku tana ɗinki, hawaye na ɗiga kan yadi tana gogewa da sauri kada ya yi tabo. A rana ta uku tana tsakiyar kalmasa bakin riga ta ƙarshe ta ji wani abu ya ce ƙas a cikin ƙafar. Ta cije leɓe ta ƙarasa. Yaya ta gwada tata, ta ce hannun ya ɗan matse amma ba laifi, ta kwashi kayanta ta tafi liyafa.

Kafin sati ya zagayo ƙafar ta kumbura ta yi suntum, yatsan ya koma inda ya fito har ya zarce. A asibiti likita ya ɗaga hoton ƙashi yana kallo ya daɗe, sannan ya tambaye ta me ta yi. Ta ce santsi ne ya kwashe ta a banɗaki. Ya ce a'a, faɗuwa ɗaya ba ta lanƙwasa ƙusa haka, wannan an yi ta taka ƙafar ne. Direba da ya rako ta ne ya amsa.

— Ɗinki ta yi, dokta. Ni na ce ta lallaɓa.

Likita ya tambaye shi sana'arsa, ya faɗa. Ya ce to da ƙafarsa ta dama aka yi wa aikin nan, zai hau bas ya yi ta taka birki bayan sati biyu? Direba ya sunkuyar da kai. Auta ta so ta ji tausayinsa, ta laluba zuciyarta ba ta samu ba.

Aka sake aiki. Wannan karon an haɗe gaɓar gaba ɗaya, babban yatsan ba zai ƙara lanƙwasuwa ba har abada. Na kusa da shi kuma ya ƙudundune kamar ƙugiya, samansa ya yi kanta, gefen ƙafar ko an tsikara ba ta ji. Wata uku a kwance.

Yaya ta dawo dubiya da lemo a leda, tana ta salati, wai ita ina ta san abin ya kai haka, ita ma yarinyar ai da ta yi magana. Direba yana durƙushe yana canza bandeji, bai ko ɗago ba.

— Ta yi magana, Yaya. Ke ta gaya wa, ni ma ta gaya min. Ki je gida, ni zan yi jinyar matata.

Yaya ta fita tana kuka, tana cewa an raba ta da ɗan da ta goya. Har yau rabin dangi ba sa gaishe da Auta.

Yanzu shekara guda ke nan. Kambas na maza take sawa, mai faɗin baki, duk takalmanta masu kyau ta rabar. Ta koma ɗinki da keken lantarki. Kullum Direba ne ke wanke mata tsakanin yatsun, ya tsane, ya cusa auduga don kada su goge juna. Maƙwabta suna cewa haƙurinta ya biya ta, ta samu miji irin wanda ake nema. Gaskiya ne, ta samu. Amma ni abin da na ɗauka a ciki shi ne, namijin da ke son mace ya buɗe baki a ranar da ake buƙatar bakinsa, don kulawar da ta zo daga baya ba ta mayar da ƙashi yadda yake.

Wani lokacin yana cikin sa audugar sai ya tambaye ta ko ta yafe masa. Takan ce ta yafe, ta shafa kansa. In ya fita sai ta zauna tana ƙoƙarin motsa yatsan, ko kaɗan ba ya motsi.

Ku fa, da ku ne Auta, yafiyar nan za ta kai muku har zuci?