Kwalba ta Goma Sha Huɗu

Insfekta Abdoulkarim ya yi shekara ashirin da biyu yana bin sawun ɓarayi a Yamai. Ya kama na moto, ya kama na raguna, har wanda ya kwance lasifikar masallaci ya kama. Amma bai taɓa jin an saci majinar mutum ba sai wata ranar Alhamis, cikin zafin watan Afrilu na shekarar korona.

Dokta Safiatou ce ta kira komisariya, ofishin 'yan sanda. Ita ke riƙe da wani ƙaramin asibiti a Banifandou, inda ake zura wa mutum tsinken auduga a hanci, a jefa tsinken a 'yar kwalba, a aika labo a duba ko yana da cutar.

Ya same ta tsaye a bakin ƙofa, idonta ya faɗa don rashin barci.

"Ran Juma'a mun ɗauki mutum goma sha huɗu," in ji ta. "Jiya labo suka aiko da amsar sha uku. Sun ce sha uku suka karɓa."

"Ta wa ce ta ɓata?"

"Ta wata tsohuwa daga Gamkalley, Inna Rakiya. Ta rasu a gida ran Asabar, an rufe ta ran nan."

"Allah ya ji ƙanta. To Dokta, kwalbar wadda ta riga ta kwanta, mi za ta yi miki?"

Ta nuna masa wani ɗaki da tagarsa ke rufe.

"Ɗiyarta ce ciki, Hadizatu. Cikin wata bakwai gare ta, zazzaɓi ya kama ta jiya. Mun yi mata gwaji na gaggawa, ya ce babu. Amma Shef, ranar farko gwajin nan yakan ce babu alhali akwai. In na kai ta ɗakin masu ciki tana da cutar, na zuba wa mata goma. In na kai ta wajen masu korona ba ta da ita, ni na kai ta ta ɗauka. Kwalbar uwarta ce za ta nuna mini hanya."

Nan dariyar da ya taho da ita daga ofis ta gudu. Ya gyara takunkumin da ke cika masa tabarau da tururi, ya ce a kira wadda ta ɗauki majinar.

Balkissa ce, malamar asibitin, mace siririya mai sanyin murya wadda ba ta wuce shekara talatin ba. Ta kawo rajista ta buɗe. Sunaye goma sha huɗu, da hannunta.

"Ke kika zuba kwalaben a akwatin sanyi?"

"Ni ce, Shef. Na manne bakinsa da salatif, na sa hannu bisa, na ba Amadou mai moto."

"Kin san marigayiyar?"

"Ban san ta ba. Mutane ne suke zuwa suna tafiya."

Amadou kuwa tun kafin a tambaye shi ya fara rantsuwa. Ƙato ne mai faɗin ƙirji, amma gumin tsoro ya jiƙa masa riga sharkaf.

"Wallahi Shef, daga nan sai labo. Ban tsaya ko'ina ba."

"Daga nan ka tashi ƙarfe goma sha ɗaya. Labo sun rubuta ka iso sha biyu da kwata. Motonka jaki ne?"

Amadou ya sunkuyar da kai.

"Na tsaya Petit Marché."

"Sayen mi?"

"Ƙanƙara. Na taɓa akwatin na ji ya ɗau zafi. Dokta ta ce in zafi ya shiga, aikin duka ya lalace. Na sayi dutsen ƙanƙara guda, na naɗe akwatin da shi cikin buhu. Na ji tsoro in faɗi, kar a ce ni na ɓata."

Insfekta ya bi ta kasuwar. Mai ƙanƙara ya tuna da shi sarai, don ya taya shi ɗaure buhun, ya ce ba a buɗe komai ba. Ya kira labo, suka ce salatif ya iso lafiya, da sa hannun a kai. Ashe kwalbar ba a hanya ta ɓata ba. Ba ta taɓa shiga akwatin ba.

Bai koma asibiti kai tsaye ba. Abdoulkarim mutum ne da ba ya son ya kama ɓarawo bai san dalilinsa ba, abokan aikinsa har tsiya suke masa, wai ya fi dacewa da limanci. Ya juya mota zuwa Gamkalley.

Gidan makokin yana kusa da lambunan bakin kogi. Dokar hana taro ta sa ba a shimfiɗa tabarmi a waje ba, amma mata na ta shiga ɗaya bayan ɗaya, kowace ta yi ta'aziyya ta fito tana share ido. Wata dattijuwa mai suna Hawwa, ƙanwar marigayiyar, ta fito ta tsaya masa daga nesa.

"Fonda tilas, Inna," ya yi mata ta'aziyya da Zabarmanci, sannan suka koma Hausa. "Jama'a da yawa haka?"

"Ɗana, ai kaɗan ka gani. Shekara talatin yayata tana wankan gawar mata a unguwar nan. Babu gidan da ba ta shiga ba. Ko sabulu ba ta karɓa."

"Ita wa ya wanke ta?"

"Ni da Hadizatu. Da 'yar asibitin nan, Allah ya yi mata albarka. Ita ta kawo mana safar hannu da abin rufe hanci, ta tsaya har aka sa likkafani."

"Wace 'yar asibiti?"

"Balkissa mana. Ai nan ta girma, bayan gidanmu."

Ya yi godiya ya koma mota. Ya daɗe zaune bai tayar ba. Ya san dokar lokacin kamar kowa: wanda takarda ta ce yana da cutar, ba a ba danginsa gawa. Masu fararen kaya ke zuwa su sa ta a leda, su rufe, dangi na hange daga nesa. Ya gane komai, kuma bai ji daɗin ganewar ba ko kaɗan.

La'asar ta yi sa'ad da ya koma Banifandou. Ya sa aka kira Balkissa ofishin dokta, ya tura mata kujera.

"Daga Gamkalley nake," ya ce. "Inna Hawwa tana gaishe ki."

Ba ta yi gardama ba. Ta zauna, ta ɗora hannuwanta a cinya, hawaye suka gangaro suka jiƙa takunkuminta.

"Ina da shekara goma sha biyu uwata ta rasu," ta ce. "Ba mu da kowa a garin nan, baƙi ne mu. Matan unguwa suka ƙi shiga ɗakin, don ciwon ya ɓata mata jiki. Inna Rakiya ta shiga ita kaɗai. Da ta gama ta kira ni, ta ce zo ki ga uwarki ta yi kyau."

Ta share hawaye ta ci gaba.

"Ran Juma'a da aka kawo ta, na ga ba za ta kwana biyu ba. Zuciyarta ce, ta daɗe tana damunta. Tari kuma ta yi shi tun sati biyar baya, ta warke. Dokta, ke kika koya mana, injin gwajin labo ba ya bambanta ƙwayar cuta mai rai da matacciya. Mutum ya warke wata guda, ya ci gaba da cewa akwai. Na ce yanzu saboda ragowar abin da ya riga ya mutu, za a sa matar nan a leda? Wadda ta wanke unguwa duka, ita a rufe ta ba wanka?"

"Gaskiya ne na faɗi haka," in ji Dokta Safiatou a hankali. "Amma kin tabbata ragowa ce?"

"Ban tabbata ba."

"Ni ma ban tabbata ba. Shi ya sa muke aikawa."

"Ina kwalbar?" Insfekta ya tambaya.

"Tana firijona a gida. Na kasa yar da ita."

Tare suka je, su uku. Tana cikin wani gwangwanin madara, an naɗe ta da auduga, an rubuta lamba goma sha huɗu a jiki. Dokta ta sa hannu cikin firijon, ta daɗe ba ta fitar ba.

"Sau nawa wuta ta ɗauke a unguwar nan tun Juma'a?"

"Kullum," in ji Balkissa. "Jiya wuni ta yi."

Dokta ta rufe gwangwanin.

"Zan aika, amma zafi ya riga ya ci ta. In ta ce babu, ba abin da ta faɗa mini. In ta ce akwai, ban san ko na sati biyar baya ne ko na jiya ba."

Insfekta ya ji tausayi ya kama shi, na mai cikin da ke kwance bayan rufaffiyar taga, da na wannan da ke tsaye gabansa. Ya sami abin da aka aike shi nema, kuma bai amfani kowa ba.

"Balkissa, dole in tafi da ke. Za a keɓe ki sati biyu tukuna, sannan ki ga alƙali."

"Na sani, Shef."

Bai fito da ankwa ba. Ya buɗe mata ƙofar baya ta mota. Ta sa ƙafa ɗaya, sai ta juyo wajen dokta.

"Ki bar Hadizatu a ɗakin nan ita kaɗai. Ki sake yi mata gwaji ran Asabar, ki sake ran Litinin. Don Allah kar ki yarda da na farko."

Dokta ta gyaɗa kai.

Sun yi nisa kan hanyar komisariya kafin ya dube ta ta madubi. Tambayar ba ta cikin takardarsa, amma ya yi ta.

"Da za a mayar da ke ran Juma'a, za ki sake?"

Ta ɗago kai ta dube shi ta madubin.

"Da na wanke ta, Shef. Wallahi da na wanke ta. Amma da ni kaɗai zan shiga, in rufe ƙofa. Da na gama sai in kira Hadizatu."