Hatimin Da Aka Yanka

Shiori ta ɗaga ambulan ɗin saitin taga.

Jan hatimin Farfesa Kuwabara ya rabu biyu. An yanka shi da reza, an mayar an manne da gam, rabin sama bai hau kan rabin ƙasa ba.

"Wa ya buɗe wannan?"

Noboru, saurayinta, na tsaye bakin ƙofa da hular kwano a hannu, ko takalmi bai gama cirewa ba. Murmushi ma yake yi. Ya ce ai shi ne. Jiya da ta ba shi takardun ya kwafo mata, sai ya biya wurin bauta ya sayo mata layar cin jarrabawa, ya zura a ciki don ta raka wasiƙar har teburin masu dubawa. Wai ya manne da kyau, ba wanda zai gane.

Ba ta san lokacin da ta jefe shi da kofin shayi ba. Ya kauce, kofin ya tarwatse a jikin ƙofa.

Shekara biyar tana rusuna wa mutane a bayan kantar banki a Osaka, tana jiran wannan damar ta digiri na biyu a fannin harkar kuɗi. Zagayen farko ya wuce ta lokacin da babanta ke kwance a asibiti. Saura zagaye na biyu, gurbi kaɗan, kuma yau ƙarfe biyar za a rufe. Bankin ma mutum ɗaya yake bai wa hutun karatu, in ta rasa bana sai a miƙa wa na bayanta. Ga dokar jami'ar a rubuce baro-baro: wasiƙar shaidar tsohon malami sai a rufe da hatiminsa, wadda aka buɗe ba a karɓa.

Noboru bai sani ba. Ina zai sani? Tun yana ɗan shekara goma sha shida ya bar makaranta ya koma gyaran babur.

Mamanta ta fito daga kicin tana goge hannu. Ba ta ko kalle shi ba, ɗiyarta ta fuskanta kamar babu kowa a wurin. Ta ce daman ta faɗa, mutumin da ke wanke hannu da fetur me ya haɗa shi da takarda? Ta ce a kira Hayato, abokin aikin Shiori, yaro mai digiri da mota, wanda ya san darajar mace mai ilimi.

Murmushin Noboru ya ɓace. Ya rusuna har kansa na neman taɓa gwiwa.

"Ɗago," in ji Shiori. "Rusunawarka ba za ta ɗinke hatimi ba. Je ka tada babur."

Ƙarfe ɗaya ta wuce. Farfesan ya yi ritaya yana zaune a Nara, kuma ba ya ɗaga waya da rana. Sai da ta yi zuwa biyu da kwalin alewa kafin ya yarda ya rubuta mata wasiƙar farkon.

Ba ta riƙe ƙugunsa ba, ƙarfen baya ta kama. Tun daga unguwarsu har suka fara hawan dutse tana zaginsa. Sakarai. Mai kan kwakwa. Ta ce da ma layar ya haɗiye ko ta buɗe masa ƙwaƙwalwa. Iskar sanyin Janairu ta kwashe rabin zagin.

Sun tarar da tsohon a lambunsa yana lulluɓe shuke-shuke da ciyawa. Ya karɓi ambulan ɗin da yatsa biyu, ya juya shi, ya miƙo mata. Ya ce shi ba ya buga hatimi sau biyu a kan magana ɗaya.

"Wadda ta kasa tsare ambulan, ita ce za ta tsare dukiyar mutane?"

Ya juya zai shige gida.

Shiori ta bi shi taku biyu. Sai ta ji ƙarar tsakuwa a bayanta. Noboru ne ya zube, gwiwa biyu da tafin hannu a ƙasa, goshinsa a kan tsakuwar.

"Ranka ya daɗe, ba ita ba ce. Ni na yanka."

Tsohon ya tsaya. Ya tambaye shi ko ya karanta abin da ke ciki.

"Na gwada... Rabin haruffan ban san su ba. Sunanta kawai na gane sosai."

Farfesan ya daɗe yana kallon ƙeyarsa. Sannan ya ce wanda bai san abu ba ai tambaya yake yi, shi bai da bakin tambaya ne?

Noboru ya ƙara danna goshinsa a tsakuwa. Tsohon ya maimaita, da tsawa wannan karon. Da ƙyar Noboru ya ce ya tambaya. Jiya ya tare Hayato a ƙofar banki, tunda shi ya yi jami'a, Hayato kuwa ya ce masa duk ɗalibai haka suke yi, a dai manne da kyau.

Shiori ta ji kunnuwanta sun yi zafi.

Hayato ne na biyu a jerin masu jiran hutun karatun.

"Me ya hana ka faɗa tun a gida? Kana ji Mama na yabonsa ka yi shiru?"

Bai ɗago ba. "Hannuna ne ya riƙe rezar."

Farfesan ya shige ciki. Minti biyar. Minti goma sha biyar. Shiori na zagaye lambun tana duba agogo, Noboru na nan yadda yake, tsakuwa na cin gwiwarsa. Ta ce ya tashi, ya ƙi. Ta ce to ya mutu a nan.

Uku da rabi tsohon ya fito da sabon ambulan, jar tawadar ko bushewa ba ta gama yi ba. Ya damƙa mata a hannu, ya ce ko uwarta kada ta bari ta taɓa. Ya kuma ce wa Noboru ya tashi ya daina ɓata masa tsakuwa.

Ta cusa ambulan ɗin cikin rigar sanyinta ta zuge.

A shigar Osaka suka faɗa cunkoso. Noboru ya riƙa ratsa tsakanin motoci, madubinsa na shafar na mutane, direbobi na danna hon. A wata jar danja wayarta ta yi ƙara, sunan Hayato a jiki. Ta ɗaga. Ya fara da murya mai taushi, wai Mama ta kira shi, ya ji abin da ya faru, bai ji daɗi ba ko kaɗan.

"Ka tanadi jajenka," ta ce. "Ranar Litinin za ka maimaita shi a gaban manaja, tare da shawarar da ka bayar jiya."

Ta kashe.

Biyar saura minti goma sha biyu ta ajiye takardun a tagar ofishin ɗaukar ɗalibai, numfashinta na fita da ƙyar. Ma'aikaciyar ta ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, ba sauri. Da ta zo kan ambulan ɗin ta juya shi, ta bi bakinsa da yatsa, ta kara shi a fitila.

Sannan ta buga tambarin karɓa.

A waje Shiori ta jingina da bango. Noboru ya matso, wandonsa ya yage a gwiwa, goshinsa da ɗigon jini. Tikitin jirgin ƙasa ya miƙo mata. Ya ce ta koma gida da shi. Ya ce ya yi tunani a hanya, Mama ta yi gaskiya. Yau ambulan ne, gobe bai san me zai lalata mata ba. Gara ya janye tun tana da sauran abin tsira.

Duk fushin da ta yi tun rana bai kai na yanzu ba.

Ta cafki wuyan rigarsa.

"Ka kusa kashe ni, sannan ka gudu? Kai wa ya sallame ka?"

"Shiori, masoyiyata, ni fa..."

"Rufe min baki! Ban huce ba. Ba zan huce gobe ba, ba zan huce jibi ba. Akwai jarrabawar baka nan da sati uku, kai za ka zauna kana karanto min tambayoyin."

"Ban iya karanta su ba."

"Za ka koya. Kullum ƙarfe shida ka zo gidanmu, ka gaida Mama, ta harare ka, ka zauna."

Ya kalle ta, idanunsa sun kawo ruwa. Ya tambaya har zuwa yaushe.

Ta yaga tikitin ta zuba masa a aljihu, ta fizgi hular kwanon ta kifa a kanta.

"Shekara biyu ne karatun. In na gama sai mu ga ko na huce."

Ta haye babur ɗin tana jiran ya tada.