Hannun da Ya Zaɓi Abdulmohsen

Duk wanda ya zauna a unguwar Hindawiyya ta Jidda a shekarun nan ya san Abdulmohsen, ko da bai san sunansa ba. Ni na san shi tun yana sayar da na'urorin sanyaya ɗaki na hannu a wani ɗan shago. Kakanninsa da ƙafa suka zo aikin Hajji ta Sudan, shi kuwa a Jidda aka haife shi, yana da jinsiyyar ƙasa, Hausarsa ma rabinta Larabci ce. Ba ya cikin yunwa. Ciwonsa ɗaya, ya ga wani ya shiga majalisi an miƙe masa tsaye.

Da aka buɗe takarar majalisar baladiyya, wato majalisar gari, a shekarar da mata suka fara jefa ƙuri'a, sai ya tsaya. A lissafinsa, wanda ya hau kujerar nan zai zauna da masu filaye da manyan 'yan kwangila, arziki ya biyo baya. Amma mutanen unguwa Abduljalil suke so, wani tsohon malamin makaranta da ya daɗe yana bin maganar kwatamin da ke cika musu lungu duk ranar da aka yi ruwa. Rumfar kamfen ɗin Abduljalil kullum a cike. Ta Abdulmohsen kuwa gahawa har ta huce ba mai sha.

A nan ne wani direba ya raɗa masa labarin wani boka a unguwar masana'antu ta Jidda. Sihiri a ƙasar nan laifi ne mai kai mutum ga takobi, don haka ba a ambaton sunansa. Abdulmohsen ya tafi da tsakar rana, lokacin da zafi ya kori kowa daga titi.

Can bayan wani sito da aka daina amfani da shi akwai ɗaki marar taga. An jera duwatsun murjani irin na tsoffin gidaje, a kan kowanne an ɗora hannun mutum da aka ƙera da yumɓu, yatsu a buɗe. Kawunan awaki na rataye a jikin waya, gishiri ya bushe a idanunsu. A tsakiya akwai babban daro cike da ruwan teku, baƙi wuluk, yana motsi ba tare da an taɓa shi ba. Bokan tsoho ne siriri, idonsa ja kamar wanda ya shekara bai runtsa ba.

"Kujera kake so ko dukiya?" ya tambaya.

"Duka biyu."

"Ina da jama'a. Za su zaɓe ka, su kuma tura maka arziki. Amma wanda ya zaɓe ka yana da hakki a kanka."

"Nawa zan biya?"

"Ba na karɓar riyal. Alkawari za ka yi, duk ranar da suka zo da bukatarsu ba za ka rufe musu ƙofa ba."

Abdulmohsen ya yi dariya. "Ai kowane ɗan takara haka yake faɗa. Babu jini? Babu yanka?"

"Ni ban ce ka yanka kowa ba."

"Su wane ne jama'ar taka?"

"Za ku gaisa yanzu. Sa hannunka na dama."

Ya tsoma hannu cikin daron har gwiwar hannu. Zurfin ruwan bai kai taƙi ɗaya ba, amma bai taɓo ƙasa ba. Sai wani hannu mai sanyi ya kama nasa, ya yi musafaha, ya saki. Wani ya kama. Wani ya sake kamawa. Akwai manya, akwai ƙanana kamar na jarirai. Ya so ya zare, tsohon ya danne masa kafaɗa.

"Faɗi."

"Ƙofata a buɗe take gare ku," in ji Abdulmohsen.

"Halas, shi ke nan," in ji tsohon, ya sauke wani dogon numfashi.

Ranar zaɓe komai ya tafi bisa tsari. Mutane suka shiga da katinsu, suka fito. Sai dai da yawa sun fito suna murza hannun dama, suna cewa sanyi ya kama su. Da aka ƙirga, Abdulmohsen ne ya ci.

Mahaifiyarsa, Hajiya A'i, ta kira shi ɗakinta washegari.

"Ɗana, ni Abduljalil na je zaɓa. Na gaya maka tun farko, ka fi shi kusa da ni amma ya fi ka cancanta. Tun da aka haife ni ban taɓa jefa ƙuri'a ba. Na ɗauki alƙalami, sai wani abu ya riƙe min hannu ya kai shi kan sunanka. Ina gani, ba yadda na iya. Me ka yi?"

"Tsufa ne, ya ummi."

Ba ta sake yi masa magana ba. Hannun ya bushe ya ƙanƙance, bayan 'yan makonni ta rasu.

Arziki kuwa ya zo kamar ambaliya. Filin da ya saya a banza ya zama zinariya. Ya buɗe sitoci, ya gina katafaren gida kusa da unguwar Ruwais mai babban majalisi. Yanzu in ya shigo ana miƙewa.

Matarsa Mansura ce ta fara lura. Kullum bayan la'asar ƙofar gida takan buɗe da kanta. Ta kulle, ta buɗe. Kujerun majalisin su lotsa ɗaya bayan ɗaya kamar ana zama, darduma ta jiƙe da ruwan gishiri.

"Abu Raed, su wa kake tarawa a gidan nan?" ta tambaye shi.

Kafin ya amsa, ɗansu Raed, saurayi mai karatu a jami'a, ya fito daga majalisin. Yaron da ko gaisuwa da Hausa yake yin tuntuɓe, ya buɗe baki da tsohuwar Hausa tsantsa, da muryoyi masu yawa a haɗe.

"Mun zaɓe ka. Mun gaji da zama a ruwa. Matsuguni muke so."

"Ga gida, ku zauna," in ji Abdulmohsen.

"Ba a bango muke zama ba, a jikin mutum muke zama."

Tun ranar Raed bai dawo hayyacinsa ba. Aka yi ruƙiyya, aka kai shi asibiti, a banza. Mansura ta kwashe kayanta za ta gudu da shi gidan 'yan uwanta. A bakin ƙofa ta yanke jiki ta faɗi. Da aka ɗago ta, ruwan gishiri ne ke zuba daga bakinta, babu rai.

Abdulmohsen ya koma siton. Ya tarar da tsohon a waje yana shan shayi, ya yi ƙiba, idonsa ya washe. Daron ya bushe ƙaf.

"Karɓi jama'arka! Na ajiye kujerar, na bar dukiyar!"

"Ba nawa ba ne yanzu. Shekaru ina neman wanda zai karɓe su da bakinsa, sai ga ka. Yanzu ina barci."

"Ai wa'adin kujera yana ƙarewa."

"Wa'adin baladiyya ke nan. Su ba su san wannan ba. Sai dai in ka sami wani mai kwaɗayi ka miƙa masa hannunsu."

Wannan kam, a faɗi gaskiya, bai yi ba. Ko ya ji tsoron Allah a ƙarshe, ko ya rasa wanda zai karɓa, ban sani ba. Sitocin suka ƙone, gidan ya kasa samun mai saye. Raed yana hannun dangin uwarsa, a ɗaure. Ranar da na ga Abdulmohsen na ƙarshe, yana zaune a gindin katanga cikin rana, rigarsa ta yi dauɗa, yana ta miƙa hannu ga iska yana cewa, "Ɗaya bayan ɗaya, don Allah. Zan saurari kowa." Abduljalil ne, wanda aka ƙwace wa kujera, yake kawo masa abinci.

To, ku masu hangen kujera, ku ji da kyau. Ƙuri'a amana ce da mutum ke bayarwa da yardarsa. Wanda mutane suka ƙi, ya haƙura ya koma sana'arsa. In kwaɗayi ya kai ka neman goyon bayan waɗanda ba a gani, za su ba ka, kuma mutanen gidanka ne za su biya tun kafin kai.