Tsumman da Murdo Ya Kwance

Na rantse muku ba za ku yarda da wannan ba. Ban kuma ga laifinku ba, domin duk labarin da sunan Murdo Rennie ya fito a ciki, mai hankali raba shi biyu yake yi ya zubar da rabi. Shi ne fa ya kulle tunkiya a ofishin hedimasta ta kwana tana cin takardun jarrabawa. Aka kore shi, bai sake leƙa aji ba, kuma har gobe cewa yake makarantar ce ta yi asara. A duk garinsu Dundee, in ji shi, babu wanda bai taɓa razanawa ba, har faston cocinsu. Shi kuwa ba a haifi abin da zai ba shi tsoro ba.

A ƙarshen kaka ne yayarsa Ishbel ta ce ya ɗauke ta a mota su zaga arewa. Likitoci sun ga ciwon daji a huhunta, sun ce sai bayan Kirsimeti za su san inda aka dosa. Ta ce ba za ta zauna tana kallon bango ba. Suka bi ta Perth, suka kwana a Dunkeld. A kangon babban cocin Elgin ta zauna kan dutse tana maida numfashi, shi kuma yana ƙirƙiro mata sarakunan da ba a taɓa yi ba, da yaƙin da wai kakansu ya ci shi kaɗai da cokali mai yatsu. Da can, da tuni ta zage shi tas. Yanzu sai ta yi murmushi ta ce, "Haka ne, Auta." Wannan murmushin ya fi ciwon nata tsaya masa a rai.

Da suka wuce Inverness, rana ta fara sunkuyawa tun ba a kai lokacin shayin yamma ba. Ishbel ta ce ya tsaya a wani wuri da ake kira rijiyar tsummoki. Ɗan kurmi ne a gefen hanya, da kangon wani ƙaramin coci, da ruwa mai ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse. Kowane reshe ɗaure yake da ƙyallaye, sababbi da waɗanda suka yi baƙi.

"Yaya, ke da kika yi jami'a? Itace za ki sa wa ɗankwali?"

"Kai da ba ka yi ba, riƙe min jaka."

Ta fito da yanki daga rigar barcinta, fari mai shuɗin fure. Ta tsoma a ruwan, ta cusa hannu cikin kwat ta shafa ƙirjinta, sannan ta ɗaura shi a reshen wata ƙaya.

"Yadda zai ruɓe, haka ciwon zai tafi. Haka Kaka take cewa." Ta dube shi. "Ta kuma ce wanda ya kwance na wani, shi ya ɗauka. Ka ji ni? Hannunka a aljihu."

Da ta san ƙanenta da kyau, da ba ta ƙara wannan ba.

Suka koma mota. Ta ɗan tsakuri kifi da soyayyen dankalin da ya riga ya huce, ta jingina kai ta lumshe ido. Murdo ya ce zai zaga ya yi fitsari. Dabararsa ta gama nuna: zai kwanto tsumman, ya ɗaura shi a marikin ƙofar ɗakinta a masauki. Da safe ta buɗe ta gani, ta ƙwalla ihu, ta gane aikinsa ne, ta bi shi da takalmi tana zagi kamar da. Abin da yake so ke nan. Bayan haka sai su dawo a mayar.

Cikin kurmin duhu ya riga na waje sauka. Ƙasa tana tsotsar takalminsa. Warin ruɓaɓɓen ganye, da wani a ƙarƙashinsa, irin na wankin da aka manta a bokiti. Babu kukan tsuntsu. Sai ɗigar ruwa daga bakin ƙyallaye, ɗis, ɗis.

Ya gano shuɗin furen. Yana taɓa ƙullin ya warware, kamar jiransa yake.

Tsumman da ɗumi. A wannan sanyin, har tururi yake yi.

Sai ya lura ƙarar rijiyar ta ɗauke.

Wani ya yi tari a bayansa. Busasshe, na tsoho. Ya waiwaya, ba kowa. Wani tarin ya amsa daga sama, siriri, na jariri. Sai wani. Sai wani can nesa. Babu iska ko kaɗan, amma ƙyallayen suna kumbura suna sacewa, suna kumbura suna sacewa, kowanne da irin numfashinsa.

A bakin ruwan wata mata tana tsugune, ta ba shi baya. Mayafinta tsummoki ne ɗaure da juna. Tana matse wani abu. Yatsunta dogaye, farare, sun yamutse kamar na wadda ta shekara da hannu cikin ruwa.

"Ka kwance," ta ce, da kyar ake ji.

Bakin Murdo bai taɓa barinsa a hanya ba. "Gyarawa nake, Mama. Ya yi sako-sako."

"Ɗaura."

Ya ɗaura. Ƙullin ya zame, tsumman ya faɗo kan hannunsa. Ya sake ɗaurawa, ya ja har ƙaya ta fasa masa yatsa. Ƙullin ya sake zamewa. Ya gwada wani reshen. Reshen ya janye.

"Ba ya komawa," ta ce. "Wa zan ba?"

"Ai na wani Bajamushe ne, mai yawon buɗe ido. Tun rana ya tafi."

Kurmin gaba ɗaya ya sarƙe da tari. Ya yi kama da dariya.

Murdo ya jefar da tsumman. Tsumman ya faɗi kan ganye, ya kwanta. Sannan ya tattare jikinsa ya miƙe, ya tattare ya miƙe, kamar matsattsaku. Hanyar mota ya nufa.

Daga can aka danna hon. Ƙofa ta buɗe.

"Murdo? Rijiyar ka faɗa ne?"

Ya take tsumman da takalmi. Tsumman ya sulale ta ƙasa. Murdo ya durƙusa ya damƙe shi da hannu biyu, yana jin sa yana ja, yana neman mai shi.

Hasken wayar Ishbel ya shigo tsakanin itatuwa. Yana jin takunta a hankali, da numfashinta mai shaƙewa.

"Ko ita, ko kai," matar ta ce. Yanzu a kunnensa take magana. Bai ji tasowarta ba.

"Mama, wasa nake. Kowa ya san ni."

"Faɗi da bakinka."

Hasken ya matso.

"Auta, ba na son shashanci, sanyi nake ji."

Tsumman ya zare daga hannunsa har rabi.

"Nawa ne. Ni na ɗauka," ya ce.

Matar ta zagayo gabansa. Inda ya kamata fuska ta kasance, jiƙaƙƙun ƙyallaye ne ninki kan ninki, suna shiga suna fita. Yatsun nan suka ɗauki tsumman, suka ɗora masa a baki.

Ya shaƙa.

Sanyi ya gangara masa har ƙasan ƙirji, gefen hagu, ya zauna.

Rijiyar ta ci gaba da ɓuɓɓuga.

Bai san yadda ya tashi ba. Ya dai san ya ci karo da Ishbel, ya fizgi hannunta, bai sake ta ba sai cikin mota. Ta haska masa fuska.

"Me ya same ka? Ka yi fari fat."

"Na ga wata mata a rijiyar. Ba ta da fuska."

Ta ƙare masa kallo. Sai ta fashe da dariya, ta ainihi, har da dukan gwiwa. "Maƙaryacin banza. Allah ya shirye ka. Har da rawar hannu, dubi ɗan iska."

Ta yi ta dariya har suka hau babban titi. Tari ko ɗaya bai katse ta ba.

Bayan Kirsimeti likitoci suka sake ɗaukar hoton huhunta, suka kira junansu, suka sake wani. Babu komai. Ishbel ta koma aiki, ta koma zagi, ta fara maganar zuwa ta yi wa rijiyar godiya. Murdo ya ce motarsa ba ta da lafiya.

Shi kuwa matakalar gidansa ta fara yi masa tsawo. Ya ba abokansa labarin a mashaya, kaf ɗinsa, bai ƙara ko gishiri ba. Suka ce a duk ƙaryarsa wannan ta fi daɗi, suka saya masa wuski.

Ranar da Ishbel ta tara dangi cin abincin murnar warkewarta, tarin ya kama shi a kan teburi. Ya duƙa, ya toshe baki da hankici, kafaɗunsa suna karkarwa. Yara suka fara dariya. Ishbel ta zagayo ta ɗaka masa duka a baya.

"To ya isa, mun gani. Ko ni da na yi ciwon ban iya shi haka ba. Ka daina kwaikwayona ka ci abinci."

Murdo ya ɗago yana murmushi. Ya dunƙule hankicin a tafinsa, gefen da ya yi ja da jini daga ciki.

"Kin kama ni, Yaya," ya ce.