Kujerar Baba a Jirgin Ƙarƙashin Ƙasa

Nokwanda ta fara ganin Mondli a ranar da bai kamata ta kula kowa ba. Tana tsaye a ƙofar shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa a Sandton, hannu ɗaya riƙe da katin jirgi biyu, ɗayan da reshen magarya.

Zuwanta Johannesburg na farko ke nan, kuma ba daɗi ya kawo ta ba. Mahaifinta ya faɗo daga saman gini ya rasu. An kai gawa garinsu Msinga an binne, amma kurwarsa tana nan inda ya faɗi. Bai bar ɗa namiji ba, sai aka turo ta ta ɗauko kurwar. Ƙa'idar kowa a garinsu ya san ta: ka ɗauko kurwar mamaci da reshe, ka biya masa kujera, ka riƙa gaya masa duk inda kuka iso, kuma kada ka tanka wa mai rai har ku shiga gida.

"Baba, za mu sauka ƙarƙashin ƙasa, kada ka ji tsoro," ta raɗa wa reshen, alhali ita ce mai jin tsoron.

Ta ɗora katin farko, ƙofar gilashi ta buɗe. 'Yar da ta sami tarbiyya ba ta shiga gaban uba, don haka ta miƙa reshen ta tsaya Baba ya fara wucewa. Ƙofa kuwa ina ruwanta da tarbiyya, ta rufe ta datse reshen.

Wani saurayi a bayanta, sanye da kayan masu gyaran lantarki, ya kai hannu zai fizgo mata.

"Kada ka taɓa shi!"

Shi ke nan, ta yi magana. Ta dubi reshen, ta san yanzu ƙirare ne kawai a hannunta. Ta durƙushe tana kuka, mutane suna kewaye ta suna wucewa.

Saurayin ya tsuguna. "'Yar'uwa, yafe mini. Sai yanzu na gane. Sunana Mondli, haihuwar Soweto ne ni, a bakin kakata kawai na taɓa jin wannan."

"To ka ji da kyau," ta ce. "Ka sa na yar da ubana a rami."

Bai musa ba. Ya raka ta har tashar Park, ya sa ta a bas, ya rubuta mata lambarsa.

A gida, da mahaifiyarta MaShezi ta ji abin da ya faru, ko kallon reshen ba ta yi ba. "Namiji kika gani bakinki ya buɗe. Mijina yana can ƙarƙashin ƙasa, ana tattake shi da takalma."

Daga ranar MaShezi ta daina ci daga hannunta. Baƙin ciki ya ishi Nokwanda, ta tura wa Mondli saƙo don ta huce a kansa: "Mamata ta daina yi mini magana. Ka ji daɗi."

Ya amsa: "Kullum da safe nakan tsaya a ƙofar nan in gaida Babanki, in ce masa kina nan zuwa. Masu gadi sun ɗauka na taɓu."

Ta yi dariya, ta kuma ji haushin kanta. Wata huɗu suna haka, har ya koma kiranta "sanyin idona", ita kuma tana ce masa "ɗan birni mara kan gado". Ta so shi, so mai haɗe da kunya. Da kawunnansa suka aiko takardar neman aure, MaShezi ta mayar da ita ba ta buɗe ba.

Sai saƙonsa ya shigo: "Yanko sabon reshe, sanyin idona. Ke ki yi da Baba, ni zan zama bakinki."

Ta dawo Johannesburg da sabon reshe, suka koma ƙofar nan. Nokwanda ta durƙusa a kan tayil, 'yan birni suna ɗaukarta a waya, ta kira mahaifinta da sunan kakanninsa ta roƙe shi ya taso. Mondli ya nemi a buɗe musu ƙofa mai faɗi ta masu kaya. A jirgi ya tsare kujerar Baba da jikinsa, ya sha zagi. A bas wata mata ta dame ta da tambaya, shi ya amsa. Awa bakwai bai ce wa Nokwanda uffan ba, ko kallonta bai yi ba.

A Msinga ya tsaya a wajen shinge, inda mai neman aure yake tsayawa. Ta shiga ita kaɗai.

"Baba, mun iso gida," ta ce, ta soke reshen a rufin ɗakin kakanni.

MaShezi ta daɗe tana kallon reshen kafin hawaye ya zubo mata. "Kin tanka wa wani?"

"Ko ɗaya, Mama."

"Wa ya yi miki baki a hanya?"

Nokwanda ta nuna shinge. Tsohuwar ta gyara baƙin mayafinta na takaba, ta taka da kanta ta buɗe ƙofar.

"Shigo, ɗana. Wanda ya rako mijina gida ba ya tsayuwa a rana. Ka ce wa kawunnanka su zo bayan na cire baƙin mayafin nan. Allah ya sa ku tsufa tare, kada ɗayanku ya mutu nesa da gida."