Waƙar Baba da Aka Rufe

"Ina kake zuwa duk ranar Alhamis da la'asar?"

Ya ɗago daga katakon da yake gogewa, ya yi murmushi. "Zaman kiɗa, abar ƙaunata."

"Wanne? Na bayan shagonka, inda kowa ke zuwa da molonsa a yi ta kaɗawa ba shugaba? Na leƙa. Ba ka nan!"

Ya mayar da kai kan katakonsa... hakan kuwa ya fi ƙarya ƙona min rai.

Saura wata guda aurenmu. 'Yar gwaggona, wadda ta daɗe tana haɗiyar yawu a kansa, ta kawo min labari: "Gidan wata mai jan mayafi yake shiga, da idona na gani." Mama kuwa dama dalili take nema.

"Na gaya miki makaɗi ba miji ba ne! Har babanki ya rasu, molo ya fi ni ganinsa."

Ranar Alhamis na zare zoben da ya ba ni, na dunƙule a hannu, na bi bayansa har gidan matar.

Falo ne, an jera kujeru a zagaye. Na lallaɓa na zauna a bakin ƙofa, na rufe fuska. Ga shi can, mai jan mayafi ta juya min baya tana yi masa raɗa a kunne. Zuciyata kamar ta fashe!

Nan ba kamar bayan shago ba ne. Sanda ce ke yawo hannu zuwa hannu, mai riƙe da ita kaɗai ke rerawa. Kafin in ankara ta iso kaina.

"Ni kallo na zo..."

"'Yata, nan ba a kallo," in ji dattijon da ke jan zaman. "Wanda ya zauna sai ya rera."

Waƙa ɗaya na iya a duniya, ta Baba, ita ma rabi. Na fara rerawa. Dattijon ya cire tabarau yana goge ido. Inda na saba tsayawa na tsaya.

"Miƙo min sandar, masoyiya," in ji wanda zan aura.

Na miƙa masa. Ya ɗauka daga inda na tsaya, baiti bayan baiti, waɗanda ban taɓa ji ba.

Mai jan mayafi ta juyo, sai ga furfura.

"Shekara ashirin ina yi wa babanki amshi," ta ce. "A zaman nan waƙar mamaci a rufe take, sai jininsa ya buɗe ta. Wata uku ina koya wa yaron nan sauran da raɗa, don ba ta fita da ƙarfi."

Kunya ta rufe ni ruf.

"Sau nawa na roƙe ki ki raka ni zaman kiɗa, kika ce Mama ta hana?" in ji masoyina a hankali. "Me kika dunƙule a hannu?"

"Babu komai!" Na mayar da zoben yatsata ina kuka ina dariya.

Ranar aurenmu ya rera ta a gaban Mama. Ta ɗaure fuska har aka zo baitin ƙarshe, inda Baba ke neman gafarar matar da ya bari tana jiransa a ƙofa.

Mama ta sunkuyar da kai.

Sannan ta share ido da bakin mayafi.

"Ɗana... sake min wancan na ƙarshen."