Tsohuwar da Aka Goge daga Hoton Baba Shekari

Ranar da abin ya fara, babu wanda ya ga alamar komai a gidan Abdulsamad Mai Hoto. Talata ce. Rana ta yi ja ta rataye a kan dajin Kamuku, awaki sun shigo da kansu, matarsa Mairo tana tuƙa tuwo a tsakar gida. Shi kuwa maigidan yana shagonsa da ke jikin zaure, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana duba hotunan mako a kwamfuta.

A Birnin Gwari an san bakin Abdulsamad kafin a san kyamararsa. Cewa yake babu abin da ba zai iya cirewa daga hoto ba. Ya cire ƙuraje, ya cire furfura, ya taɓa cire wani ɗan takara daga hoton ɗaurin aure bayan ya faɗi zaɓe, har ango da kansa ya fara shakkar ko mutumin ya zo. In ka tsaya gabansa kana gyara hula, sai ya ce maka kada ka wahalar da kanka, ka tsaya yadda ka ga dama, gyaran nasa ne.

Manhajar da yake aiki da ita kamar mai tsaron sito take. Ba ta riƙe hotunan da kansu. Abin da take riƙewa shi ne ɗan ƙaramin samfurin kowane hoto, da sanin inda uwar hoton take ajiye, da duk gyaran da aka yi masa. In wani ya gusar da uwar ta bayan idonta, samfurin zai zauna a wurinsa, amma da alamar tambaya a kusurwa, kuma ba a buga shi, ba a gyara shi, sai an nuna mata inda aka kai uwar.

Wannan alamar Abdulsamad ya gani a kan hoto ɗaya tak cikin dubbai. Hoton Baba Shekari ne.

Baba Shekari manomi ne a Kutemeshi. Mako guda kafin nan ya kira Mai Hoto ya ɗauke shi a bakin gonarsa ta masara, don ya aika wa ɗansa da ke aiki a Kaduna. Gonar ta jingina da daji, kuma a iyakarta akwai wata tsohuwar tsamiya mai saiwoyi kamar cinyoyin raƙumi. Ba su gama ba sai da rana ta yi sanyi. Da Abdulsamad ya ɗaga kyamara, tsohon ya riƙe masa hannu, ya ce kada ya haska wuta wajen tsamiyar, kuma ya fara yi wa masu wurin sallama. Ya ce su nan, ko coci za su ranar Lahadi, sai sun yi gyaran murya kafin su gifta ta. Abdulsamad ya yi dariya har da dafa ciki, ya ce in akwai masu wuri su gyara tsayuwa, kyauta zai ɗauke su. Ya danna. Wuta ta walƙa.

Da ya dawo gida ya buɗe hoton, sai ya ga wani baƙin tabo a kan saiwar, bayan kafaɗar tsohon, kamar mutum ya tsuguna ya lulluɓa da zane. Bai ko matso da shi ya duba ba. Cikin minti biyu ya goge shi tas, ya buga hoton, ya ba mai babur ya kai.

Yanzu ɗan tsohon ya aiko yana son babba na bango. Abdulsamad ya danna hoton, manhaja ta ce ba ta ga uwarsa ba, ya nuna mata inda take. Ya buɗe inda ya saba ajiya, wayam. Yana cikin tsaki ladan ya ɗaga murya, kuma a daidai nan dutse na farko ya faɗo a kan kwanon ɗakin.

Ya fito da bulala yana zagin yaran unguwa. Babu kowa a layin. Na biyu ya faɗo yana tsaye, na uku ya gangaro ya tsaya a gaban ƙafarsa. Da ya ɗauka sai ya ji shi da ɗumi, yana ƙamshin ɗanyar tsamiya. Jifan bai tsaya ba sai da aka sallame sallar magariba, sannan gidan ya yi tsit, irin shirun da ko kaza ba ta motsi a cikinsa.

Laraba ma haka. Almuru na yi, duwatsu suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa yana jiran a buɗe. Mairo ta rantse ta ji murya daga jikin katanga, ƙasa-ƙasa, tana tambaya ina aka kai ta. Abdulsamad ya ce iska ce. Amma a ranar a cikin ɗaki ya yi alwala.

Ran Alhamis abin ya shiga jiki. 'Yarsu Raudatu, mai shekara goma sha bakwai, ita ce hannun damansa a shago, don ta fi shi haƙurin jera hotuna da sa musu suna. Ta ɗauko buta za ta kai masa, sai ta tsaya cak a tsakar gida. Butar ta suɓuce, ruwa ya bi ƙasa. A hankali ta sulale ta tsuguna a gindin katanga, ta ja mayafi ta lulluɓe kanta. Mairo ta kira ta, ta girgiza ta, ta yayyafa mata ruwa, ko ƙiftawa ba ta yi ba. Abdulsamad ya leƙo daga zaure, ya ga yadda ta tsuguna, ya ga yadda mayafin ya sauka. Ya san wannan zaman. Shi ya goge shi da hannunsa.

Haka ta kwana, haka ta wuni, ba ci ba sha.

Malam Jumare ya iso ran Juma'a bayan la'asar. Tsohon Bafulatani ne da ya bar kiwo ya zauna a Gayam, siriri, ba ya ɗaga murya, kuma duk yankin shi ake nema in irin wannan ta faru. Ya sa aka shimfiɗa tabarma nesa kaɗan da yarinyar. Ya tambayi Abdulsamad ko ya zuba ruwan zafi a wani wuri ba bisimilla, ko ya sare itace, ko ya taka wani abu a daji. Abdulsamad ya ce a'a, a'a, a'a. Zancen tsamiya kuwa ya haɗiye shi.

Malam ya fara karatu. Ya daɗe yana yi, inuwar katanga tana tsawo tana cin tsakar gida. Can mayafin ya motsa. Muryar da ta fito ba ta Raudatu ba ce, ta namiji ce, busasshiya, kamar ana jan ƙirare a ƙasa.

"Jumare, ka bar shanunka ka zo ƙona ni?"

"Ban zo ƙona kowa ba, bawan Allah," in ji Malam. "Me yarinyar nan ta yi maka?"

"Ita ba ta yi ba. Ka tambayi mai dariya."

Mairo ta juyo ta dubi mijinta. Bai iya haɗa ido da ita ba.

Muryar ta ba da labari a hankali. Ta ce tsohuwarsa ce ke zaune a kan saiwar tana shan iskar yamma, don ƙafafunta sun yi nauyi. Da an yi sallama da ta kauce. Ba a yi ba, aka watsa mata wuta, aka ɗauke inuwarta aka tafi da ita cikin akwati. Wannan ma da sun haƙura, don inuwa tana gane hanyar gida. Amma sai mutumin nan ya sa hannu ya shafe ta, ya kuma ɓatar da wurin da take. Tun ranar tsohuwar ba ta tashi ba.

"Mu ma tashi za mu yi," in ji muryar. "Kun cika mana daji da ƙarar bindiga. Yau da faɗuwar rana ayarinmu zai yi arewa. Wadda ba ta da inuwa ba ta tafiya. In ladan ya gama kira ba a dawo mini da ita ba, da ta wannan zan tafi, tsohuwa ta yafa. Ku kuma ku riƙe gangar jikin."

Malam Jumare ya dubi Abdulsamad, ya tambaye shi ko abin da aka goge yana dawowa. Karon farko a rayuwarsa Mai Hoto ya yi magana ba ƙari. Ya ce gogewar a sama take kawai, uwar hoton tana nan yadda aka ɗauke ta, danna ɗaya zai mayar da komai. Amma sai an ga uwar. Kuma kwana huɗu ke nan yana nema bai gani ba.

Ya ɗauko kwamfutar ya ajiye a kan turmi. An kwana biyu ba wuta a unguwar, cajin da ya rage kashi tara ne. Ya rubuta sunan hoton, babu. Ya duba kwandon shara, babu. Ya zura katin kyamara, sai ya tuna ya goge duk abin da ke ciki ran Asabar don ɗaukar wani bikin suna. Ya jona filashin ajiya biyu, na aure da na makaranta, babu. Alamar tambayar tana nan, ƙarama, ba ta gusa ba. Kashi shida. Rana ta taɓa kan katanga.

Mairo ce ta tuna. Ta ce ba ran Lahadi ya yi ta faɗa cewa kwamfuta ta cika ba, ya ce wa Raudatu ta rage mata kaya kafin ya dawo daga kallon ƙwallo? Abdulsamad ya dafe kai. Faifan ajiya bakwai ne a cikin akwatinsa, kowanne da dubban hotuna, kuma ita yarinyar ba da lamba take sa suna kamar shi ba, yadda ta ga dama take sawa. Cajin ba zai kai a buɗe biyu ba. Mutum ɗaya ne a duniya ya san inda hoton yake, ga ta can a gindin katanga da bakin wani a bakinta.

Malam ya gyara zama. "Ka ji da kunnenka. Sakar mata harshe ta faɗa."

"In saki, ka rufe ƙofa da karatu. Na san ku."

"Ba zan karanta ko harafi ba sai ka dawo."

"Rantse."

Kowa a gidan ya san abin da ake nema a wurin Malam, ya buɗe wa aljani hanya ya koma jikin 'yar mutane da yardarsa. Ya dubi rana, ya dubi Mairo. Mairo ta gyaɗa kai, hawaye na zuba. Ya ajiye carbinsa a kan tabarma, ya rantse, ya ce aljanin ma sai ya rantse da Wanda ya halicce su duka cewa yana ganin tsohuwarsa zai fita, ba zai waiwayo gidan nan ba. Muryar ta yi gunaguni, sannan ta rantse.

Jikin Raudatu ya saki. Ta ɗago kai, idonta ya dawo nata.

"Umma, ƙishirwa nake ji."

Mairo ta yunƙura, Malam ya tare ta da hannu. Abdulsamad ya durƙusa gaban 'yarsa.

"Uwata, hoton Baba Shekari. Ina kika kai shi?"

"Faifan nan mai jan zare, Abba. Cikin jakar Damina." Ta haɗiyi yawu. "Na canja masa suna. Na ga kamar da wata a bayansa, sai na sa Baba da Kaka."

Ba ta rufe baki ba kanta ya koma ƙasa. Daga masallacin layi aka ji ladan yana hura lasifika.

Abdulsamad ya zazzage akwatin a ƙasa, ya ciro mai jan zare, ya jona. Kashi uku. Faifan ya yi ta gurnani kafin ya buɗe. Allahu akbar na farko ya tashi. Ya danna alamar, manhaja ta sake tambayarsa ina uwar take, ya shiga Damina, ya gangara, ya wuce, ya dawo. Baba da Kaka. Manhajar ta ce sunan ya bambanta, ya tabbata shi ne? Ya ce mata shi ne. Alamar tambaya ta ɓace. Ya danna inda ake mayar da hoto yadda aka ɗauke shi.

Tabon ya dawo kan saiwa. Wannan karon ba wanda zai kira shi tabo. Tsohuwa ce ƙanƙanuwa, ta kare fuska da tafin hannu kamar wadda haske ya kashe wa ido.

Malam ya ce a juya fuskar kwamfutar wajen daji. Aka juya. Raudatu ta miƙa wuya ta duba, muryar nan ta fito a tausashe, ta ce, "Inna, taso mu tafi." Wata iska mai sanyi ta ratsa tsakar gida, ta kaɗa shanyar Mairo, ta haura katanga. Raudatu ta yi atishawa sau uku ta faɗa jikin uwarta. Ladan ya kai ƙarshen kira, kwamfutar ta mutu, kuma ba dutsen da ya faɗo.

Da aka kawo wuta ran Lahadi, Abdulsamad ya buɗe hoton shi kaɗai. Bai taɓa komai ba. Baba Shekari yana tsaye da fartanyarsa, saiwar tana bayansa, babu kowa a kanta. Ya matso da wurin har ya cika fuskar kwamfuta, yana neman inda aka yi gyara, don shi ya san duk gwanintar mai gogewa sai ya bar sawu. Bai ga ko ɗaya ba.

Ya buga babban, ya kai Kutemeshi da kansa, da hantsi. Har yau in ka je ɗaukar hoto wurinsa, ko na katin shaida ne a jikin farin ƙyalle, kafin ya danna sai ya sauke kyamara, ya dubi bayan kafaɗarka, ya ce, "Salamu alaikum, a ɗan kauce." Mutane suna dariya, suna cewa Mai Hoto da barkwanci. Shi ba ya dariya, kuma yakan ɗan jira.